Ku Tambayi Baba Fasto: Sabbin Ikkilisiyoyi a Ƙasashen da Addini Ya Zama Ganin Dama

Wasiƙu huɗu na zaɓo wannan watan, kuma duk bakinsu ɗaya: yadda ake kafa sabbin ikkilisiyoyi a Turai, inda jama'a da yawa suka jingine addini gefe. Shekarata 22 ke nan ina aikin fasto a Ingila, saboda haka yawancin misalaina daga can za su fito. Na rage tsawon wasiƙun, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wata takwas ke nan da zuwana arewacin Ingila. Lahadin farko na shiga wata majami'ar dutse da za ta ɗauki mutum 400, na ƙirga mu 17, kuma ni kaɗai ce marar furfura. Daga baya wata abokiyar aikina Baturiya ta gayyace ni cocinsu ranar Asabar da yamma. Na sha ado na je, sai na tarar da yara suna ta wasa da fenti da almakashi, iyayensu zaune a ƙasa tare da su. Aka yi waƙa biyu, wata mata ta ba da labarin ɓatacciyar tunkiya cikin minti goma, aka ci abinci aka watse. Ba wa'azi, ba baiko, ba fasto mai kwala. Baba, wannan coci ne ko wasan yara? Laifi ne in na ci gaba da zuwa?

AMSA: 'Yata, sannu da baƙunta. Abin da kika gani yana da suna, Messy Church, wato cocin kaca-kaca, kuma sunan ya dace da shi, rigarki shaida ce. Wata mata mai suna Lucy Moore ce ta fara shi tare da 'yan ikkilisiyarsu a shekarar 2004 a Kawfilen, kusa da Fotsmat, da suka lura makarantar Lahadi ta koma kujeru babu yara. Suka ce to, bari a canza rana, a canza lokaci, a haɗa yaro da mahaifinsa a tebur ɗaya, a ci abinci tare. Yau ya bazu ƙasashe da dama, yawanci sau ɗaya ake yi a wata.

Kafin ki yanke musu hukunci, ki san ƙasar da suke noma. A ƙidayar 2001, kusan kashi 72 cikin 100 na mutanen Ingila da Wels suka rubuta cewa su Kirista ne. A 2011 ya sauka zuwa kashi 59. A 2021 ya koma kashi 46, karo na farko da ya gaza rabi, su kuwa masu cewa ba su da wani addini suka haura kashi 37. Kuma wannan ƙidayar suna ce kawai, masu zuwa sujada ranar Lahadi ba su kai kusa da haka ba. Mutum 17 ɗin nan da kika ƙirga ba baƙon abu ba ne.

A 2004 ɗin dai Ikkilisiyar Ingila ta fitar da wani rahoto wanda Bishop Graham Cray ya jagoranci rubutawa. Saƙonsa shi ne, zaman jiran mutane su zo ƙarfe goma na safiyar Lahadi ya ƙare, a je inda suke a kafa ikkilisiya a can, cikin irin rayuwarsu. Akbishop na Kantabari na lokacin, Rowan Williams, ya goyi baya, ya ce tsohon tsari da sabo su tafi kafaɗa da kafaɗa. Ɗarikar Metodis ta shigo, aka kira tafiyar Fresh Expressions. Daga nan aka ga abubuwa iri-iri: ikkilisiya a shagon shan kofi, ikkilisiyar matasa masu wasan zamiya a kan allo mai taya, masu taruwa a daji suna tafiya suna addu'a, masu saƙa, masu haɗuwa a gidan tsofaffi ranar Laraba.

To, coci ne? Ni ma'aunina yana cikin Ayyukan Manzanni 2:42, inda aka ce masu bi na farko sun lizimci koyarwar manzanni, da zumunta, da gutsuttsura gurasa, da addu'a. Ki duba da kyau, babu gini a ciki, babu kwala, babu ƙarfe goma. Bulus ya gai da ikkilisiyar da ke taruwa a gidan Biriskila da Akila a Romawa 16. Majami'a mafi daɗewa da masu tonon tarihi suka gano, a Dura-Yurofos ta ƙasar Siriya, gidan zama ne da aka rushe bango ɗaya aka faɗaɗa ɗaki wajen shekara ta 240. Saboda haka fenti da zaman ƙasa ba su dame ni ba.

Abin da ke damuna daban ne. Yawancin irin waɗannan taruka da na ziyarta zaure ne, kuma zaure mai kyau, amma ba a nan ake kwana ba. Sau ɗaya a wata bai isa ya raini almajiri ba. Na kuma ga abin da ke faruwa in yaro ya kai shekara 11 ko 12: fenti ya gundure shi, ya daina zuwa, uwar ma ta daina, don dama shi ta rako. Akwai waɗanda suka gane haka suka ƙara zurfi, suna baftisma, suna Jibin Ubangiji, iyaye na haɗuwa tsakiyar mako su buɗe Littafi Mai Tsarki. Waɗannan ba na jin nauyin kiransu ikkilisiya. Ki tambayi matar da ta ba da labarin tunkiyar ko an taɓa yi wa wani baftisma a nan, da kuma wa ke zuwa gaishe da wanda ya kwanta rashin lafiya. Amsarta za ta nuna miki inda suka dosa.

Ki ci gaba da zuwa, ba laifi ba ne. Ki sa tsohuwar riga, ki tsaya wanke kwanoni bayan an tashi, a wurin wanke-wanke ne za ki ji ainihin hirar. Amma ranar Lahadin da ba ki da aiki ki koma wajen tsofaffin nan 16. Wasunsu sun fi shekara 60 suna buɗe ƙofar nan, kuma muryarki a waƙa za ta yi musu daɗin da ba za su iya faɗa miki ba, don ba al'adarsu ba ce faɗa.

TAMBAYA: Baba, ni dikon ne a wata ikkilisiya a Landan. Shugabanninmu sun ce in je in buɗe reshe a wani gari mai tafiyar awa biyu, sun ba ni shekara ɗaya in tara mutum 100. Na sami zauren wata makaranta da za a ba mu haya fam 35 a awa, na ba da aikin takardun gayyata 5,000, na sayi lasifika biyu. Burina Turawan garin su dawo ga Ubangiji, tunda kakanninsu ne suka kai mana bishara. Me ya rage in yi? Ɗanka cikin Almasihu.

AMSA: Ɗana, da na karanta wasiƙarka sai da na ajiye tabarau na yi dariya ni kaɗai, don kaina na gani. Har adadin takardun ɗaya ne da nawa.

A shekarata ta uku a ƙasar nan na yi abin da kake shirin yi. Watan Fabrairu ne, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Ni da matata da samari biyu muka bi gida-gida mako uku muna zura takardu ta ramin wasiƙa na ƙofa. Ramin nan yana da murfi mai sifirin, yana cizon yatsa, wani gidan kuma kare ne ke jiranka ta ciki ya fizge takardar. Lahadin buɗewa mutum 41 suka zo. Na yi rawa a gaban jama'a. Da aka tashi na tsaya bakin ƙofa ina gaisawa ina tambayar kowa daga ina. Wannan daga cocin kaza, sun sami saɓani da fastonsu. Wancan daga cocin kaza, namu ya fi masa kusa da tashar bas. Duk 40 ɗin 'yan Afirka ne masu bi tun daga gida. Na 41 Bature ne, dattijo mai jan hanci, ya zauna a kujerar baya tun daga waƙar farko har addu'ar sallama, hannu a harɗe. Na riƙe hannunsa da hannu biyu na ce Ubangiji ne ya kawo ka. Ya ce a'a, shi ne mai kula da ginin makarantar, jira yake mu gama ya kulle.

Wata 14 muka yi muka rufe. Waɗanda suka zo don sun ɓata da wani fasto, ba a daɗe ba suka ɓata da ni. Mutumin da bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya shi ne mai makullin nan. Ranar ƙarshe muna tara kujeru na tambaye shi tsakani da Allah me ya gani. Ya ce mutanenka suna da kirki, waƙarku na da daɗi, amma wa ya ɓata maka rai kake ta ihu haka? Kuma awa uku, me ake faɗi awa uku? Ya ce kullum ina cewa an wanke mu da jini, shi kuwa in ya ji jini asibiti yake tunawa. Sannan ya faɗi wadda ta fi yi mini ciwo: shekara guda da wata biyu yana buɗe mana ƙofa, ba wanda ya taɓa tambayarsa sunan matarsa.

Ka ga, kuskurena shi ne na ɗauka mutanen nan tumaki ne da suka ɓace jiya, da sun ji muryar makiyayi za su juyo. Yawancinsu ba su taɓa shiga garke ba, iyayensu ma haka. Wani masanin falsafa ɗan Kanada, Charles Taylor, ya yi babban littafi kan wannan a 2007, tambayarsa ita ce: me ya sa a Turai ta shekarar 1500 da wuya mutum ya iya rayuwa bai gaskata da Allah ba, amma a shekarar 2000 rashin gaskatawa ya zama abu mai sauƙi? A ganinsa abin da ya canza ya wuce yawan masu zuwa sujada. Bangaskiya ta koma zaɓi ɗaya cikin zaɓuɓɓuka, kamar kaya a kanti, har mai bi ma ya san maƙwabcinsa mutumin kirki ne kuma bai yarda da komai ba. Ni na fi kiransa zamanin ganin dama. Ba su tsane ka ba, da ma tsana ce da an sami abin magana. Ko oho ne kawai. Kana amsa tambayar da ba wanda ya yi.

Bishop Lesslie Newbigin ya shafe kusan shekara 40 yana aikin bishara a Indiya, ya dawo Ingila a 1974, daga baya ya karɓi wata ƙaramar ikkilisiya daura da gidan yarin Winson Girin a Bamingam. Ya sha faɗin cewa aikin nan ya fi na Indiya wuya, domin mutumin da bai taɓa jin bishara ba ya fi sauƙin sauraro a kan wanda yake ganin ya riga ya ji, ya gwada, ya wuce wurin.

Akwai wata magana da ta shahara a makarantun horar da fastoci, ta Ba'amurke Peter Wagner, cewa babu hanyar bishara da ta kai kafa sabbin ikkilisiyoyi tasiri. Na yi imani da ita kamar aya. Amma Stefan Paas, malamin tauhidi ɗan Holan wanda shi da kansa ya taimaka wajen kafa ikkilisiya a Amsadam, ya bi diddigin hujjojin a littafinsa na 2016, ya nuna a Turai ba su da ƙarfin da ake zato. Sabuwar ikkilisiya takan girma da sauri, gaskiya ne, sai dai mafi yawan girman daga baƙin haure ne da masu sauya sheƙa daga wata ikkilisiya. Kifi ne aka kwaso daga tafkin maƙwabci aka zuba a naka. Amfaninta na gaskiya, a cewarsa, shi ne wuri ne da za a gwada sabon abu a koyi darasi.

Kada ka ji kamar ina raina ikkilisiyoyin baƙi. Fasto Matthew Ashimolowo ɗan Najeriya ya fara ikkilisiyar KICC a Landan a 1992, ta zama ɗaya daga cikin manyan taruka a ƙasar. Cocin Redeemed tana da rassa ɗaruruwa a Birtaniya. Da babu irin waɗannan, da Landan ba ta zama wurin da zuwa coci ya fi ƙarfi a Ingila ba. Ma'aikaciyar jinya da ta fito aikin dare tana bukatar inda za ta yi waƙa da harshen da take mafarki da shi. In wannan ne kiranka, ka karɓe shi da hannu biyu, ka faɗa a fili, ka daina ba Turawa a baki. Kuma ka sa ido kan 'ya'yan mutanenka da aka haifa a nan. Su ne mutanen zamanin ganin dama da suka fi kusa da kai, suna zaune a layin baya da waya a hannu, suna lissafin shekarun da suka rage su tafi jami'a su huta da mu.

In kuwa da gaske mutanen garin kake nema, to ka mayar da lasifikan nan tun rasit bai ɓace ba. Ka koma garin da zama, ka riƙe aikinka na albashi kamar yadda Bulus ya riƙe ɗinkin tanti a Koranti. Ka yi shekara kana sauraro. Baƙo ko da idonsa makaho ne. Ka je ka gai da fastocin da ka tarar, har da na majami'ar da ta kusa mutuwa, ka tambaye su me suka gwada. Ka shiga aikin sa kai a rumbun abincin mabukata ko ƙungiyar ƙwallon yara. Kada ka tafi kai kaɗai: lokacin da majami'ar Holy Trinity Brompton ta Landan, wadda ta shahara da darussan Alpha na gabatar da bangaskiyar Kirista, ta farfaɗo da majami'ar Sen Bitrus a Biraitin a 2009, tawaga ta tura, mutane suka bar gidajensu da ayyukansu suka ƙaura tare.

Ga na hukuma, don an sha kama mu a nan. Da zarar kuɗin shigarku ya wuce fam 5,000 a shekara, dokar Ingila da Wels ta ce ku yi rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, ku sami amintattu, ku riƙa ba da lissafi. Duk wanda zai kula da yara sai an yi masa binciken DBS, wato binciken ko yana da tarihin aikata laifi, ko da matarka ce. Maƙwabci ɗaya ya kai ƙarar hayaniya, ƙaramar hukuma za ta iya aiko muku da takardar gargaɗi. Kada kuma ku kama shagon masana'anta ku mayar da shi wurin sujada ba izinin canza amfanin gini. Alherin rajista shi ne tsarin Gift Aid: kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar, gwamnati na ƙara fenni 25.

Shugabanninka kuwa, ka gaya musu cikin ladabi cewa mutum 100 a shekara ɗaya zai yiwu ne kawai in za ka kwashe tumakin wasu. Ka roƙe su ka riƙa aika rahoto mai layi biyu: waɗanda suka zo daga wata ikkilisiya, da waɗanda ba su da ko ɗaya. Layi na biyun zai daɗe yana nuna sifili. Ka rubuta sifilin.

Bari in ƙarasa maka labarin mai makulli. Shekara biyu bayan mun rufe, na haɗu da shi a tashar bas ya rame. Matarsa ta rasu a makon. Wannan karon na tambayi sunanta. Na je jana'izar a gidan ƙona gawa, minti 20, aka sa waƙar da take so, ba addu'a, labule ya rufe, muka fito ga wasu na jiran layi. A wajen ajiye motoci ya ce mini, faɗi wani abu mana, amma a hankali. Na karanta Zabura 23 da muryar da ban san ina da ita ba. Talatar da ta biyo baya muka kira shi cin abinci a gidanmu, ya zo da wani abokinsa da shi ma ya rasa mata. Haka Talata ta zama Talata. Muna ci, mu karanta ɗan guntun Bisharar Markus, kowa ya faɗi abin da ya ɗaure masa kai, wanda ke so a yi masa addu'a ya faɗa. Sai da ya yi shekara huɗu yana musu da ni kafin ya nemi baftisma, yana da shekara 68, a kwamin da muka ara wurin 'yan Baptis. Yanzu falonmu ya yi mana kaɗan, mun koma ɗakin taron unguwa. Ranar da muka cika mu 23 ne, tara daga ciki ba su taɓa zama 'yan wata ikkilisiya ba. Shekara 16 ke nan. Shi ne ke riƙe makulli har yau.

TAMBAYA: Fasto, ni dattijon ikkilisiya ne, na ba ka shekaru. Ina ganin waɗannan sababbin abubuwa ɓarnar kuɗi ce. Ana zuba miliyoyi kan shagunan kofi, ga majami'un ƙauye limami ɗaya na yawo kan guda shida. Da tsohuwar zuma ake magani.

AMSA: Yayana, ban isa in yi musu da kai gaba ɗaya ba, kuma kana da 'yan'uwa a wannan ra'ayi. A 2021, da aka sanar a Ikkilisiyar Ingila da burin kafa sabbin ikkilisiyoyi 10,000 cikin shekara goma, yawancinsu ƙarƙashin jagorancin waɗanda ba limamai ba, ran limamai da yawa ya ɓaci, musamman da aka ji ana kwatanta gini da albashi da dogon horo a matsayin abubuwan da ke hana ci gaba. A shekarar ce Rabaran Marcus Walker na majami'ar Sen Batalamawas Babba a Landan, wadda aka kafa tun 1123, ya jagoranci ƙungiyar Save the Parish don kare ikkilisiyoyin unguwa. Hujjarsu mai nauyi ce. Tsohuwar majami'a ta kowa ce, mai bi da marar bi, can ake zuwa in an yi mutuwa. Sabon taro kuwa sau da yawa na masu kama da juna ne, kuma da tallafin shekara biyar ya ƙare, ko mai jagora ya gaji, sai ya watse.

Inda na rabu da kai shi ne zumar da kake kira tsohuwa, ita ma an taɓa kiranta bidi'a. John Wesley, uban ɗarikar Metodis, ya fara wa'azi a fili a Biristol a 1739, ga talakawa da masu haƙar kwal da ba sa taka majami'a, shi kansa da ƙyar ya yarda, manya suka ce ya zubar da mutuncin limanci. William Booth, wanda ya kafa ƙungiyar Salvation Army, ya fara a cikin tanti a gabashin Landan a 1865. Yau jikokin waɗannan su ne ke gyara rufin tsofaffin gine-gine suna ƙorafi kan shagon kofi. Ni dai taronmu na Talata bai ci ko fenni na kowa ba, kuma limamiyar majami'ar unguwarmu ce ke ba mu aron kofin Jibi.

TAMBAYA: Fasto, barka da aiki. Ni Musulmi ne, ɗalibi a Jamus, ina karanta filinka don ƙaruwa. Ana yawan cewa coci-coci a Turai duk an mayar da su masallatai. Gaskiya ne? Kuma in tsofaffin babu kowa, me ya sa ake buɗe sababbi?

AMSA: Malam, na gode da ka rubuto, Allah ya ba da sa'ar karatu. Akwai gaskiya a ciki, amma an zuba mata gishiri. A ƙasar da kake, tsohuwar majami'ar Kafarnahum a Hambog ta zama masallacin Al-Nur a 2018, bayan ta yi shekaru a rufe. A Landan akwai gini a titin Birik Len da Furotesta 'yan gudun hijira daga Faransa suka gina a 1743, ya zama na Metodis, ya koma wurin ibadar Yahudawa a ƙarshen ƙarni na 19, ya zama masallaci a 1976. Amma irin waɗannan tsiraru ne. Yawancin majami'un da aka rufe gidajen haya suka koma, ko ofisoshi, ko wuraren taro, wasu ma mashaya. A Mastirik ta Holan wata majami'a ta ƙarni na 13 kantin littattafai ce yanzu. Wasu kuma Kiristoci baƙi ne suka saye su.

A Jamus za ka ga dalili ɗaya da idonka. Duk wanda ke cikin rajistar Katolika ko Furotesta ana cire masa harajin coci, kashi 8 ko 9 cikin 100 na harajin da yake biya kan albashi. Matashi ya karɓi takardar albashinsa ta farko, ya ga an cire kuɗi don wurin da rabonsa da shi tun yana yaro, sai ya je ofishin hukuma ya sa hannu ya fita. Zuwa ƙarshen 2021, manyan ɗarikun biyu a haɗe sun gaza rabin jama'ar ƙasar.

Dalilin buɗe sababbi kuwa, mu Hausawa mun riga mun faɗa, mutane ne kasuwa ba tarin rumfuna ba. An gina majami'un nan inda jama'a suke shekara 200 ko 800 da suka wuce. Jama'a sun ƙaura, an yi sabbin unguwanni na dubban gidaje babu wurin ibada ko ɗaya. Ga tsadar ɗumama ginin dutse da gyaran rufinsa, abin da ke cinye ƙarfin tsofaffi goma sha. Sannan akwai wanda ƙofar katako mai tsayin mutum uku tsoro take ba shi, bai san inda zai zauna ba, bai san lokacin tashi tsaye ba, amma zai shiga ɗakin da ya ji ƙamshin abinci.

Iskar nan ba gidanmu kaɗai take kaɗawa ba. Limamin masallacin layinmu abokina ne, mukan tsaya hira in mun haɗu wajen fitar da shara. Masallacinsa na cika ranar Juma'a har waje, ina taya shi murna. Amma ya ce mini samarin da aka haifa a nan suna zuwa masa da tambayoyin da shi bai taɓa yi wa malaminsa ba, har ya buɗe musu zama na daban da Turanci daren Alhamis, da shayi, kowa ya tambayi abin da ya ga dama. Na ce masa Malam, ai ka buɗe irin tamu ta Talata. Ya yi dariya ya ce kada in ja masa magana. Makon jiya da muka yi baƙi shi ya ara mana kujeru 12, ga su nan jingine a bayan ƙofa, ban mayar ba tukuna.